Wace Hanya Ce Ta Fi Warware Matsala? Darasi Daga Ruwan Nguru Da Gashuwa

Babu gidan da ba ya fama da wata matsala, babu kuma ikkilisiyar da ta tsira daga ita. Wani gida ƙarancin abinci ne, wani kuɗin makarantar yara, wani rikicin gona, wani kuwa rashin jituwa tsakanin miji da mata. Zuwan matsala ba abin mamaki ba ne, gama Ubangijinmu bai yi mana alkawarin duniya marar wahala ba. Abin da ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kai shi ne yadda muke tunkararta. Sau da yawa maganin da mutum ya sha yakan fi ciwon yi masa lahani, wani lokaci kuma shi ya warke, maƙwabcinsa ya kwanta a madadinsa. Saboda haka tambayarmu tana da fuska biyu: wace hanya ce take aiki, wace ce kuma daidai a gaban Allah? Domin mu sami amsa, bari mu dubi abin da ya faru da ruwa a arewacin Jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa, inda aka gwada dabaru iri iri cikin shekaru hamsin da suka shige.

Ƙasar da ruwa yake ciyarwa

Kogin Haɗeja ya taso ne daga ƙasar Kano, na Jama'are kuma daga tuddan Filato. Sa'ad da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da take tsakanin Haɗeja da Nguru, sai su rarrabu rassa rassa cikin tuddan yashi, su zama babbar fadama, daga bisani su haɗu su wuce ta Gashuwa da sunan Kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tsaya a shekarar 1930, tana yamma. Gashuwa, mazaunin Mai Bade, tana gabas da ita da kusan kilomita 65.

Kafin a gina madatsun ruwa, ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na wannan fadama a shekarun da damina ta yi kyau. Ruwa ya zo, manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi. Ruwa ya janye, a shuka wake da kayan lambu cikin danshin da ya bari. Rani ya yi nisa, makiyayi ya shigo da shanunsa su ci ciyawa, su bar wa ƙasa taki. Fili ɗaya yana ciyar da sana'a uku, kowace da lokacinta, Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani suna cin moriyarsa. Har tsuntsayen Turai sukan yi ƙaura su sauka a Dagona, a shekarar 2000 kuma aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin da duniya ta amince da muhimmancinsu. Wannan tsari ne ya lalace, kowa kuwa ya tashi neman gyara ta hanyar da ya ga ta fi.

Hanya ta farko: ƙarfi da babban gini

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya girgiza ƙasashen arewa ƙwarai. A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Calawa. Waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Niyyar masu ginin mai kyau ce, amfanin kuma ba ya ɓoyuwa: birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kadawa da Kura da Bunkure suka sami noman rani, shinkafa da alkama da tumatir suka yawaita.

Amma waɗanda suke gangaren kogi sun ga wani abu dabam. Ambaliyar shekara shekara ta ragu, sashi saboda fari, sashi saboda madatsun. Mafi muni, ruwan da ake saki da rani ya hana rassan kogin bushewa kamar yadda suka saba. Ciyawar kacalla, wadda take son ƙasa mai danshi dukan shekara, ta sami wurin zama. Ta cika rassan, laka ta taru a gindinta, hanyoyin ruwa suka toshe. Ruwan da ya rasa hanyarsa ta dā sai ya karkata zuwa mashigin Marma, ya mamaye gonaki da ƙauyuka a wajen Nguru, alhali abin da yake isa Gashuwa daga Kogin Haɗeja ya zama kaɗan ƙwarai. Yawancin ruwan da Gashuwa take samu daga Jama'are yake zuwa, kogin da ba a datse da babbar madatsa ba, shi ya sa mutanen Yobe da Borno suka daɗe suna adawa da shirin gina madatsar Kafin Zaki a kansa. Cikin kacallar nan kuma tsuntsaye jan baki suke kwana, su fito su cinye shinkafa da gero, sauro ma ya sami mafaka.

A farkon shekarun 1990, wasu masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, sun auna amfanin ruwan a wurare biyu. Suka tarar idan aka haɗa noma da su da itacen wuta, ruwan da aka bar wa fadama ya fi kawo amfani a kan daidai wannan ruwa idan aka kai shi gonakin noman rani na Kano. Ashe an ɗauki ruwa daga inda yake ciyar da mutane da yawa ba tare da an ƙidaya su ba.

Babban gini ba zunubi ba ne. Littafin Sarakuna na Biyu sura 20 ya lissafta tafki da magudanar ruwa da Sarki Hezekiya ya yi domin Urushalima cikin manyan ayyukansa. Yusufu ma da ikon Fir'auna ya tara hatsi shekara bakwai, ya ceci Masar da gidan mahaifinsa. Duk da haka Farawa sura 47 ta nuna mana cewa kafin yunwar ta wuce, Masarawa sun ba da dabbobinsu da gonakinsu, har da kansu, domin abinci. Hanyar ƙarfi tana da sauri, tana kuma iya yin abin da hannun talaka ba zai iya ba. Rauninta shi ne mai yanke shawara yana nesa da wanda zai ɗauki nauyinta, wanda ba a gani kuwa ba a cika sa shi cikin lissafi ba.

Hanya ta biyu: kowa tasa ta fisshe shi

Sa'ad da ruwa ya daina bin lokacinsa, mutane da yawa suka nemi mafita ta kansu. Wanda ruwa ya daina isa gonarsa ya fasa gaɓar kogi ya ja ɗan kwarmi, shekara ta kewayo ruwa ya faɗaɗa kwarmin, har ya janye rabon waɗanda suke gaba. Wanda ruwa ya yi wa yawa ya yi jinga da buhunan yashi, ruwan ya koma kan ƙauyen da yake kusa. Manomi ya nome burtali domin gonarsa ta nutse, makiyayi ya kora shanu cikin shuka domin an tare masa hanyar mashaya. Masunci ya ga kifi ya ragu, sai ya koma ga raga mai ƙananan ido, ya kwashe har 'ya'yan kifin da za su zama kamun baɗi.

Ya kamata mu faɗi gaskiya, wannan hanya tana aiki, shi ya sa take da jaraba. Mutumin da ya fasa gaɓa yakan girbe shinkafarsa a wannan shekara, ba kuma lallai ne mugu ba, uba ne mai 'ya'ya da suke jiran abinci. Matsalarta ita ce tana aiki ne muddin mutum ɗaya ko biyu ne suke binta. Ranar da kowa ya bi ta, kogin ya lalace wa kowa, sai a ƙara da gaba da ƙararraki, wani lokaci har da zubar da jini. Dabarar da ba za ka so maƙwabcinka ya yi maka irinta ba, Ubangiji Yesu ya riga ya ba mu ma'aunin da za mu gane ta da shi a cikin Matiyu sura 7.

Farawa sura 26 ta ba mu labarin Ishaku a kwarin Gerar. Bayinsa suka haƙa rijiya, makiyayan wurin suka yi jayayya a kanta, ya bar musu. Suka haƙa ta biyu, aka sake jayayya, ya sake bari. Sai a ta uku aka rabu da shi, ya sa mata suna Rehobot. Ga idon mai lissafin yau da gobe, Ishaku ya yi asarar rijiya biyu. Amma daga baya Abimelek da kansa ya zo neman alkawarin zaman lafiya da shi. Abin da ya samu a ƙarshe ya fi abin da faɗa zai ba shi.

Hanya ta uku: naɗe hannu a jira

Akwai waɗanda suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, suka zauna jiran gwamnati. Akwai kuma waɗanda suka ce haka Allah ya nufa, suka yi shiru. Cikin maganarsu akwai ɗan gaskiya, gama yashe babban kogi yana bukatar manyan injuna, kuma hakkin talaka ne ya nemi hukuma ta yi aikinta. Sai dai akwai bambanci tsakanin mai kai kuka da mai zaman jira. Kacalla ba ta jiran kasafin kuɗi, kowace damina tana ƙara cin ƙasa, abin da mutum ashirin za su iya sarewa bana, baɗi sai ɗari.

Mu masu bi ya kamata mu yi hankali a nan, domin wannan hanya tana iya sa rigar bangaskiya. Mutum ya ce yana addu'a, alhali tsoro ne ko ƙyuya ta hana shi motsi. Nehemiya mutumin addu'a ne, amma sa'ad da maƙiya suka yi barazana, addu'a ya yi ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Ya raba aikin garu, mutane da yawa suna gyara sashin da yake daura da gidajensu, cikin kwana 52 aka gama. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta koya mana cewa bangaskiyar da ba ta fito da aiki ba matacciya ce. Haƙuri na gaske yana jiran girbi ne bayan an yi shuka. Cikin dukan hanyoyin da muke dubawa, zaman jira ne kaɗai bai taɓa buɗe ko taku ɗaya na hanyar ruwa ba.

Hanya ta huɗu: shawara da gayya

A shekarar 1987 aka kafa shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya soma auna ruwa da ambaliya, yana kuma jin ta bakin manoma da masunta. A shekarun 2000, da tallafin gwamnatin Ingila, ƙauyuka suka haɗu suka yi gayya, suka shiga ruwa da lauje da adda da kwalekwale suna sare kacalla, har ruwa ya koma wasu wuraren da ya daɗe da barinsu. A shekarar 2006 kuma jihohi shida da suke cin moriyar waɗannan koguna, wato Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka yi taro a Damaturu, suka amince da tsarin kula da ruwan tare da kafa asusu na musamman dominsa.

Ba za mu ce wannan hanya ta gama aikin ba. Tana da nawa, taro yana cin lokaci, alkawarin da aka ɗauka a zaure kuma ba kullum yake isa bakin kogi ba. Inda aka sare kacalla aka daina bibiya, ta sake tsirowa. Ambaliyar 2022, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu a Jigawa da Yobe, ta nuna akwai sauran aiki mai yawa. Duk da haka tana da abu biyu da sauran ba su da shi. Na ɗaya, tana tattara sani. Injiniya ya san yawan ruwan da madatsa take saki, amma tsohon masunci ne ya san inda ruwan yake bi a dā, da inda ya toshe. Na biyu, tana ba wanda zai ɗauki nauyi baki, mutum kuwa yakan tsare abin da aka yi da shi fiye da abin da aka yi masa.

Ikkilisiyar farko ta bi wannan hanya. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi cewa ana ƙyale gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Manzanni ba su tsawata wa masu ƙorafi ba, ba su kuma ce a yi shiru a bar wa Allah ba. Suka tara jama'a, suka sa su zaɓi mutum bakwai, dukan bakwai ɗin kuwa sunayen Helenanci suke da su. Wato an danƙa rabon a hannun waɗanda suka san zafin rashin. Haka Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya ba shi shawara ya raba nauyin ga amintattun mutane, Musa kuwa ya ji.

Hanya ta biyar: lura da abin da Allah ya riga ya ajiye

Daga maƙwabtanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar akwai wani darasi. An kashe kuɗi masu yawa ana dasa itatuwa domin tare hamada, yawancinsu suna mutuwa saboda zafi da iska da awaki. A shekarar 1983 wani ɗan mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan cikin ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kuma tsare su. Da fari mutane da yawa ba su yarda ba, amma waɗanda suka gwada suka sami itacen wuta da abincin dabbobi, ƙasarsu kuma ta farfaɗo, sai maƙwabta suka kwaikwaya. Wannan dabara da ake kira sassabin zamani ta bazu a kimanin kadada miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, ba da injin ko ɗaya ba.

Haka abin yake a fadamar Nguru. Masana da yawa sun ba da shawarar a riƙa sakin ruwan madatsun ta yadda zai kwaikwayi tsarinsa na dā, wato a saki da yawa a lokacin ambaliya, a rage da rani domin rassan kogin su bushe, kacalla ta rasa danshi. Bushewar da aka ɗauka asara ce, ashe ita ce take share hanyar ruwa kowace shekara. Wannan hanya tana neman tawali'u, gama sai mutum ya yarda cewa ba da shi hikima ta soma ba.

To, wace ce ta fi?

Idan za mu auna kowace dabara, tambayoyi huɗu sun ishe mu. Ta kai ga tushen matsalar, ko alamarta kawai ta rufe? Wa zai biya kuɗinta, an kuma tambaye shi? Za ta dawwama bayan mai ita ya tafi? Yaya za ta bar zumunci tsakanin mutane? A kan wannan ma'auni, zaman jira ya faɗi gaba ɗaya. Kowa tasa ta fisshe shi tana cin nasara ta shekara ɗaya, ta faɗi a sauran. Hanyar ƙarfi tana dawwama, amma takan faɗi a tambaya ta biyu. Shawara da lura su ne suka fi tsallake tambayoyin, ko da yake su ne suka fi cin lokaci.

Wani zai ce, idan gobara ta tashi ba a kiran taro. Gaskiya ne. Daren da ruwa ya fasa jinga, ana bukatar mutum ɗaya ya ba da umarni, saura su bi. Amma yawancin matsalolinmu ba gobara ba ne, abubuwa ne da suka daɗe suna taruwa kamar laka a gindin kacalla, mu ne muke mai da su gobara ta wurin jinkiri. Ban da haka, umarnin da ake bi da sauri a daren hatsari, na mutumin da jama'a suka riga suka amince da shi ne tun lokacin lafiya. Saboda haka amsar tana cikin jerin da aka bi: a fara lura, a yi shawara da waɗanda abin ya shafa, sa'an nan a kawo ƙarfi ya yi wa shawarar hidima. Da an bi wannan jeri kafin 1974, wataƙila da an gina Tiga, amma da tun farko an ware wa Nguru da Gashuwa rabonsu da lokacinsu.

Ga iyalanmu

Waɗannan hanyoyi biyar suna nan cikin gidajenmu. Maigidan da yake yanke kowace magana shi kaɗai, ya sayar da gona ko ya ci bashi ba tare da uwargida ta sani ba, ya gina madatsa ne, matarsa da 'ya'yansa su ne mazauna gangare. Gidan da miji yake ɓoye albashinsa, mata tana ɓoye adashinta, kowa yana fasa gaɓa ne. Iyayen da suka ga ɗansu ya soma bin abokan banza suka ce zai daina, suna kallon kacalla tana tsiro. Gidan da ake zama bayan addu'ar yamma a faɗi abin da ya shigo da abin da zai fita, a ji ta bakin mata, a ji ta manyan yara, shi ne yake yin gayya. Iyayen da suka lura da baiwar da Allah ya sa cikin yaro suka raine ta, maimakon su tilasta masa abin da ba nasa ba, sun yi sassabin zamani.

Haka yake cikin ikkilisiya. Kafin majalisar dattawa ta yanke shawarar gini ko rabon taimako, bari ta tambayi kanta su wane ne suke gangare: gwauraye, marayu, matasa marasa aiki, da 'yan'uwa na ƙauyuka da ba sa iya zuwa taro. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa sun san abubuwan da ba sa isa kunnen fasto.

Ga 'yan'uwanmu da suke zaune a Nguru da Gashuwa da kewaye, inda masu bi ba su da yawa, kogi ba ya tambayar addinin mai gona kafin ya shiga ta. Annabi Irmiya a sura 29 ya gargaɗi masu zaman bauta a Babila su nemi lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin tasa. Idan an kira gayyar share hanyar ruwa, bari a ga Kirista da addarsa tun da sassafe tare da maƙwabcinsa Musulmi. Idan ana rabon ruwa, bari a san shi da cewa ba ya fasa gaɓa da dare. Wannan ma shaidar bishara ce.

Ubangiji ya ba mu ido mai lura, da kunne mai jin kukan wanda yake gangare, ya kuma ba shugabanninmu hikimar riƙon amanar ruwa da ƙasa. Amin.